Wane Jirgi Ne Kaka Ya Gani? Darasi a Kan Tantance Jiragen Yaƙin da Suka Ratsa Sararin Ungogo

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ungogo ya tashi ne da rugugin jirgin sama a kunnensa. Filin jirgin saman Kano, wanda a yau ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, yana maƙwabtaka da gonakin wannan yanki, kuma tun shekarar 1936 jirage ke sauka da tashi a cikinsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da dattijo a Fanisau ko Rangaza ko Gayawa wanda zai ce, yana yaro, yana kiwon awaki ko korar tsuntsaye a gona, ya ga wani jirgin yaƙi ya wuce ƙasa-ƙasa kamar zai shafi kan rimi, kuma har gobe surar jirgin ba ta bar zuciyarsa ba. Abu ɗaya ne ba zai iya faɗa ba, wato sunan jirgin.

Yaron da ke da shekara 8 a 1941 ya haura shekara 90 a yau. Irin waɗannan shaidu saura kaɗan, kuma abin da suka gani wani yanki ne na tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyaye da kakanni ke kira Yaƙin Hitila. Wannan darasi zai nuna yadda ɗalibi zai ɗauki irin wannan labari ya bi shi daki-daki har ya kai ga sunan jirgin, ta hanyar aron dabarar da masana ilimin halittu ke amfani da ita wajen gane tsiro ko tsuntsun da ba su taɓa gani ba.

Mabuɗin masanin halittu

Manomin Ungogo ba ya buƙatar littafi kafin ya bambanta shirwa da shaho. Da ya ɗaga kai ya ga jelar tsuntsun ta rabu biyu kamar bakin almakashi, ya san shirwa ce, sai a yi ta 'yan tsaki. Bai auna girmanta ba, bai kuma tsaya duba launin gashinta ba. Alama ɗaya ya kama, wadda ba ta canzawa ko tsuntsun na kusa ko yana nesa.

Masana sun mayar da wannan basira ta zama tsari, wanda ake kira mabuɗi mai rassa biyu. Jerin tambayoyi ne, kowace tana da amsa biyu kacal, kuma kowace amsa tana zubar da wani kaso na halittun da ake zato, har a wayi gari saura guda. Masanin nan na ƙasar Faransa, Lamarck, shi ne ya yaɗa wannan dabara a littafinsa na tsirran Faransa na 1778. Sharaɗin tambaya mai kyau shi ne ta rataya a kan abin da ake iya ƙirgawa ko abin da ko dai akwai shi ko babu: ƙafa shida ko takwas, ganye mai baki sumul ko mai haƙora.

Amma akwai tambayar da ke gaban duk waɗannan, ita ce: a ina, kuma yaushe? Shamuwa tana zuwa ƙasar Hausa ne gab da faɗuwar damina, ta koma kudu idan ruwa ya ɗauke. Wanda ya ce ya ga shamuwa a kan kuka a tsakiyar hunturu, sai a roƙe shi ya sake tunani. Haka lamarin jirage yake. Kafin a tambayi siffa, sai an san waɗanne jirage ne suka taɓa ratsa sararin Kano, da kuma shekarun da suka yi hakan.

Jiragen da suka biyo ta Kano

Jiragen farko da suka sauka Kano sun iso ne a farkon Nuwamba na 1925, zamanin Sarki Usman. Guda uku ne samfurin DH.9A na sojojin saman Birtaniya, suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Abin lura, su ma an ƙera su ne domin jefa bama-bamai, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu fukafukai hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, da inji guda.

Babban zango shi ne na 1940 zuwa 1943. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin, sai Bahar Rum ta zama hanya mai hatsari ga jiragen ruwan Birtaniya da ke kai wa sojojinta na Masar kayan yaƙi. Dabarar da aka yi ita ce a loda jiragen sama gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, a kai su tashar Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Injamena a yau, a ratsa Darfur zuwa Hartum, a bi kogin Nilu har Masar. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000, ta kimanin kwana shida. Hanyar ta samu ne domin a watan Agusta na 1940 gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus. Ayarin farko ya bar Takoradi a watan Satumba na 1940, daidai lokacin da ake girbin gero a Ungogo, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Yadda ake tsara ayarin yana da muhimmanci ga wannan darasi. Ƙananan jiragen faɗa masu inji ɗaya, irin su Hurricane, mutum guda suke ɗauka, ba su da mai duba taswira. Don haka akan sa jirgi mai jefa bama-bamai ya yi musu jagora, galibi samfurin Bristol Blenheim, mai ɗaukar mutum uku. Ayarin farko Blenheim ɗaya ne da Hurricane shida. Wasu jiragen an shafa musu farin fenti a gadon baya da saman jela, domin idan ɗaya ya faɗi a daji a hango shi daga sama.

Daga 1941 jiragen ƙirar Amurka suka yawaita: Maryland da Baltimore da Boston, sannan B-25 Mitchell da manyan nan biyu, B-17 da B-24 Liberator, waɗanda ke tsallako tekun Atilantika da kansu daga Birazil, su sauka Ankara ta Gwalkwas, su biyo ta Kano zuwa Masar da Indiya. Tare da su akwai jiragen jigila masu tarin yawa, musamman Dakota da Lodestar. Bayan yaƙin kuma kamfanin BOAC ya yi jigilar fasinja zuwa Afirka ta Yamma na ɗan lokaci da jiragen Halton, waɗanda asalinsu masu jefa bama-bamai ne samfurin Halifax, aka sa musu kujeru. Zango na ƙarshe shi ne yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, wanda za a dawo kansa a gaba.

Abin da ido ke iyawa da abin da ba ya iyawa

Abu na farko da mai ba da labari zai faɗa shi ne girma: “Ƙato ne, ya rufe rana.” Wannan ita ce alama mafi rauni. Ido ba ya auna tsawon abu kai tsaye, abin da yake karɓa shi ne faɗin kusurwar da abin ya cika. A ƙasa, ƙwaƙwalwa takan kwatanta abu da bishiya ko ɗaki ta gane nisansa, amma a sarari babu abin kwatance. Idan mutum ya miƙe hannu, babban yatsansa yakan rufe kusurwa ta kimanin digiri 2. Faɗin fukafukan Blenheim mita 17 ne, na Liberator kuwa mita 33 da rabi. Blenheim da ke nisan mita 500 da Liberator da ke nisan kilomita 1 duk yatsa ɗaya zai rufe su. Ɗalibi na iya gwada wannan a makaranta: ƙofa mai faɗin mita 1 takan ɓuya bayan babban yatsa daga nisan mita 30 ko kusa da haka. A ƙara da cewa mai kallon yaro ne. Duk wanda ya koma ajinsu na firamare bayan ya girma ya san yadda ɗakin da yake tunawa da faɗi ya zama ɗan ƙuƙut.

Launi ma haka. Jirgin da ake kallo daga ƙasa inuwar cikinsa ake gani, balle a lokacin hazo. Lafiyayyen ido yana iya rarrabe abubuwa biyu idan tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wato kimanin santimita 30 daga nisan kilomita 1. Ma'anar wannan ita ce, daga irin wannan nisa ana iya ƙirga injuna, ana iya ganin ƙirar jela, amma ƙananan rubutu da fuskar matuƙi ba za su ganu ba. Wanda ya ce matuƙi ya yi masa murmushi, ko dai jirgin na gab da sauka ne, ko kuwa zuciya ce ta ƙarasa zanen.

Mutanen Ungogo suna da wata fa'ida da wasu ba su da ita. Da yake suna kusa da filin, sukan ga jirgi ya sauko ƙasa sosai kuma ya fito da tayoyinsa. Wannan ya ba da alama ta uku mai ƙarfi.

Gina mabuɗin

Tambaya ta farko: akwai farfela ko babu? Idan babu, kuma ƙarar ta fi kama da tsawa mai kaifi, to ba jirgin Yaƙin Hitila ba ne da ya biyo ta Kano. Idan akwai, sai a ƙirga injuna. Inji ɗaya a hanci, fiffike hawa ɗaya, jirgin faɗa ne irin Hurricane, an fita daga sahun masu jefa bama-bamai ke nan. Saura masu biyu da masu huɗu.

Daga nan sai jela, kamar dai yadda manomi ya yi wa shirwa. A kan jelar jirgi akwai allo a tsaye, wanda za a kira zanko a wannan darasi. Wasu jirage zanko ɗaya gare su a tsakiya, wasu biyu, hagu da dama. Mai inji huɗu da ƙaton zanko ɗaya, fukafukai a ƙasan ciki, B-17 ne. Mai inji huɗu da zanko biyu masu siffar ƙwai, ciki mai zurfi, dogayen fukafukai sirara a kafaɗa, Liberator ne. Halton ma inji huɗu ne da zanko biyu, amma nasa zankayen masu kusurwa ne, kuma bayan yaƙi ya zo.

Masu inji biyu su ne masu wuyar sha'ani, domin sun fi yawa kuma sun fi kama da juna. A nan ne taya ke shigowa. Kowane jirgi na da manyan tayoyi biyu, ta ukun ce ke bambanta: ko dai tana ƙarƙashin hanci, jirgin ya tsaya a miƙe, ko tana can ƙarƙashin jela, jirgin ya zauna hanci sama kamar kare a tsugune. Zanko biyu da tayar hanci, Mitchell ke nan. Zanko biyu da tayar jela da jerin tagogi a gefe, Lodestar ne ko ɗan'uwansa Hudson. Zanko ɗaya da tayar hanci, a shekarun 1940, Boston ne. Zanko ɗaya da tayar jela kuwa ya tara Blenheim da Maryland da Baltimore da kuma Dakota.

Dakota ya cancanci a yi masa tsayuwa ta musamman, domin shi ne belbelar wannan fage, wato wanda aka fi gani ko'ina, tun daga yaƙin har shekaru masu yawa bayansa. Jirgin jigila ne, amma yakan sha fentin soja. Hancinsa a rufe yake, gefensa da jerin tagogi. Masu jefa bama-bamai kuwa galibi hancinsu na gilashi ne, inda mai saiti ke leƙen ƙasa, kuma suna da wani ƙullutu na gilashi a gadon baya inda mai bindiga ke zama. Ƙa'idar masanin halittu ce cewa kafin a ce an ga tsuntsun da ba a saba gani ba, sai an tabbatar ba wanda aka saba gani ba ne. Kama da wane ba ta wane.

Idan an yi sa'a mai labarin ya ga tambari, to ya ba da shekara ma. Zobba masu shuɗi da fari da ja na Birtaniya ne. Farar tauraruwa cikin shuɗin da'ira ta Amurka ce: mai jan ɗigo a tsakiya kafin Mayun 1942, marar ɗigo bayan nan, mai fararen sanduna a gefe biyu daga tsakiyar 1943. Sai dai a kula, jiragen ƙirar Amurka da aka ba Birtaniya tambarin Birtaniya suke ɗauke da shi.

Yadda za a yi tambaya

Samfurin da ake bincike a nan ba ya cikin kwalba, yana cikin ƙwaƙwalwar mutum, kuma taɓa shi na iya ɓata shi. Tunawa ba kamar kunna kaset ba ce. Duk lokacin da mutum ya tuno abu, ƙwaƙwalwa sake gina shi take yi daga gutsattsari, ta cike giɓi da abin da ta ji ko ta gani daga baya. A 1974 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai fim na karon motoci, sannan suka tambaye su gudun motocin. Wasu an tambaye su da kalma mai zafi, mai ma'anar ragargaza, wasu da kalma mai sanyi. Bayan mako guda, waɗanda aka yi wa tambaya da kalma mai zafi sun fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin.

Saboda haka kuskure ne babba ɗalibi ya isa wurin kakansa da hoto a waya ya ce, “Kaka, wannan ne ko?” Da zarar an yi haka, hoton ya shiga cikin tunanin, ba kuwa za a iya fitar da shi ba. Abin da ya dace shi ne a gaisa, a bar dattijo ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba tare da katsewa ba, ana rubutawa. Sannan a roƙe shi ya zana surar jirgin a ƙasa da tsinke. Sai a yi tambayoyin da ba su ɗauke da amsa a cikinsu: “Baba, yaya jelarsa take?” ta fi “Zanko biyu gare shi ko?” Hotuna su zo a ƙarshe, kuma da yawa a haɗe, har da waɗanda aka san ba su ba ne.

Shekara kuwa ba da lamba za a neme ta ba. A tambaya wane sarki ne a kan gado. Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, yaƙin duniya duk a zamaninsa aka yi shi. Idan an ce zamanin Ado Bayero ne da Gwamna Audu Baƙo, an shigo 1967 ke nan ko bayanta.

Misalai biyu

A ƙaddara wani dattijo ya ce zamanin Sarki Alhaji ne, da kaka, yana gona wajen Fanisau, ya ga jirgi mai farfela biyu da hanci mai ƙyalli, ƙanana guda biyar ko shida na biye da shi kamar kaza da 'yan tsaki, suka nufi gabas. Bai tuna taya ba. Zamani ya dace da hanyar Takoradi, gabas ita ce hanyar Maiduguri, hancin gilashi ya fitar da Dakota, tsarin ayarin kuma shi ne alama mafi nauyi, domin irin abin da yaro ba ya mantawa ne kuma ba ya ƙirƙira da sauƙi. Blenheim ne ya fi dacewa. Amma da yake ba shi kaɗai ne mai hancin gilashi da ya bi hanyar ba, kuma ba a sami bayanin jela da taya ba, ba a yanke hukunci.

Na biyu, mutum ne mai shekara sittin da 'yan kai. Ya ce da damina ne, farkon yaƙin basasa, jirgi ɗaya tilo mai farfela biyu da dogon zanko ɗaya, sai kuma aka ji fashewa daga wajen filin jirgi. A watan Agusta na 1967 jiragen faɗa samfurin MiG na Tarayyar Sobiyat suka iso Kano domin sojojin tarayya, kuma a cikin watan ne jirgin Biyafara ya kawo hari filin. Jirgin kuwa tsohon ƙirar Yaƙin Duniya na Biyu ne, Douglas Invader, irin wanda wani matuƙi ɗan ƙasar Folan, Jan Zumbach, ya kai Inugu ya kuma tuƙa a farkon yaƙin. Masu jefa bama-bamai na ɓangaren tarayya, Ilyushin 28, sai a 1968 suka zo, kuma ba su da farfela, tambayar farko ta mabuɗin ta fitar da su. Idan mai labarin ya ƙara da cewa jirgin na da baki da haƙora, gaskiya ne an yi wa Invader na Biyafara irin wannan zane a hanci, amma sai a bincika ko ya taɓa ganin hotonsa a littafi ko jarida.

A nan akwai tarkon suna. Littattafan yaƙin basasa suna kiran wannan jirgi B-26. Ɗalibin da ya nemi hoton B-26 yana iya samun wani jirgi dabam, Martin Marauder, mai jiki zagayayye kamar goran ruwa. Dalili shi ne Invader ya fara ne da sunan A-26, sai a 1948, bayan an yi wa Marauder ritaya, aka ba shi lambar B-26. Masana dabbobi sun haramta irin wannan a fagensu: dokarsu ba ta yarda a ba jinsin dabbobi biyu suna ɗaya ba, wanda ya riga shi ke riƙe sunan. Sojoji ba su bi wannan doka ba, don haka dole a haɗa lamba da sunan kamfanin da ya ƙera jirgin.

Masanin halittu idan ya sami samfurin da ya yi kama da wani jinsi amma bai cika duk sharuɗɗa ba, yakan rubuta sunan a takardar kwalba tare da alamar cewa kwatanci ne, domin na baya ya san inda zai ɗora. Takardar misali na farko za ta kasance kamar haka: Fanisau, da kaka, tsakanin 1940 da 1943, inji biyu, hancin gilashi, yana jagorantar ƙanana biyar ko shida zuwa gabas, jela da taya ba a tuna ba, mai yiwuwa Bristol Blenheim. A ƙarƙashinta sai a rubuta ranar da aka yi hirar, da kimanin shekarun mai labarin a lokacin da ya ga jirgin, da kuma ko an nuna masa hoto kafin ya yi bayani ko bayan ya gama.